Adakar Baba da kan sarkin da muka yanke

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina cigiyar wanda ya san harkar tsofaffin kan sarki. Ranar Asabar muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu a Tudun Wada, don rufin ya fara yoyo ga damina ta kankama, sai muka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Mun ɗauka tufafi ne. Ashe wasiƙu ne maƙil, an ɗaɗɗaure su ƙulli-ƙulli da ƙyallen atamfa. Wasu daga Jos, wasu daga Gusau, wasu daga Ikko, har da guda uku daga Makka. Ƙanena ya ce ya taɓa gani a intanet wai tsohon kan sarki kuɗi ne, sai muka zauna da reza muka yanke kusan ɗari biyu, muka jiƙa su a roba, muka shanya a kan tabarma. Ambulan ɗin da muka yanka yara sun hura gawayi da su. Saura ƙulli huɗu da ba mu taɓa ba, magariba ce ta tashe mu. A ina ake sayarwa a nan Kaduna, kuma nawa-nawa?

Ɗan Kawo: Ka tashi kai mutumina. In kuɗi sun shigo a tuna da ƴan baya.

Tsohon P&T: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, don girman Allah ajiye rezar nan. Ƙulli huɗun da suka rage kar wanda ya kusance su da ruwa ko almakashi. Jikata ce ke rubuta mini, ni idona ya gaji da wayar nan, amma da ta karanta mini zancen gawayi sai da na ajiye kofin shayina. Kun ajiye kwano kun zubar da tuwo.

Abban Khalifa: Subhanallah. Baba ku yi mana bayani, wallahi rashin sani ne. Mu a tunaninmu kan sarkin shi ne kayan, ambulan kuwa shara.

Tsohon P&T: Kowa haka yake zato da farko, ni ma haka na yi ina yaro. Kan sarki shi kaɗai ba ya ba da labari. Wanda aka buga miliyoyinsa aka rarraba daga Ikko har Nguru, me zai gaya maka? Amma in yana jikin ambulansa, ga hatimin gidan wayar da aka jefa shi da kwanan wata, ka juya baya ga hatimin garuruwan da ya ratsa, ga na inda ya sauka. Nan za ka san hanyar da ya bi, kwana nawa ya yi, nawa aka biya. Akwai ambulan ɗaya a wurina da ya tashi daga Zungeru tun tana hedikwatar Arewa. Bayansa ga hatimin Lakwaja. Wato ta ruwa ya gangara, ya bi Kwara har bakin teku, jirgin ruwa ya ɗauke shi zuwa Ingila, tafiyar kusan wata guda. Dogo bai isa Kano ba sai 1911, kafin nan wasiƙar Arewa a ka take tafiya, ko a bayan doki, ko a kwalekwale. Ka yanke kan sarkin wannan ambulan, duk tafiyar nan ta shafe, sai ɗan hoton Bature ya rage a hannunka.

Injiniya Barnawa: Baba a yi mini afuwa, amma bawan Allah kuɗi ya tambaya. A faɗa masa gaskiya: akwai kuɗi ko babu?

Tsohon P&T: Gaskiya ɗaya ce. Turo mini hoton abin da kuka shanya in gani.

Abban Khalifa: Ga su nan Baba. Mafi yawa masu ƙaramin kan Sarauniya ne a gefe, da mahaya dawaki, da mai gyaɗa, sai masu namun daji, sai na kwabo-kwabo na zamanin naira.

Tsohon P&T: Na gani. Masu dawakan nan barade ne na Barno, kwabo ɗaya, cikin jerin da aka fitar a 1953. Mai gyaɗar ahu ne, wato kwabo ɗaya da rabi. Mai gadar Jebba taro ne, wato kwabo uku. Namun dajin na tsakiyar shekarun 1960 ne. Na Yankari mai kwabo 10 da na kamun kifin Argungu mai kwabo 30 sun fito ne a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Duka na yau da kullum ne, babu gidan mai tara kan sarki a duniya da ba za ka same su ba. In ka kai su kasuwa a haka, ba za su biya maka kuɗin Keke Napep zuwa Kasuwar Barci da dawowa ba. Kar ka ji haushina.

Ɗan Kawo: To na janye. A manta da ƴan baya.

Injiniya Barnawa: Ai dama. Ni ban taɓa gane wannan sana'a ba. Mutum da gemunsa ya zauna da madubin ƙara girma yana ƙirga haƙoran takarda. Kuma a bar ma zancen ɓata lokaci. Mene ne abin tinƙaho a adana kan Victoria da Edward? Sojojinsu ne fa suka fasa Kano a 1903, suka shiga Sakkwato, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi. Sai mu kuma mu sa hotunansu a littafi muna kaɗe musu ƙura?

Malamar Tarihi: Injiniya, zafin naka yana da dalili, amma ka dubi abin ta wani gefen. Ni da jerin 1953 ɗin nan nake koya wa ɗalibaina tattalin arzikin mulkin mallaka, kuma ya fi allo saurin shiga kai. Ka jera su a tebur ka gani: gyaɗa, kuza, koko, katako, manja, fatu da ƙiraga. Babu makaranta, babu malami da almajiransa, babu masaƙa ko marina. Sun zana abin da ya kawo su ne da hannunsu, suka manna a kan kowace wasiƙa. Wane shaida kake so ya fi wannan? Wanda ya ajiye takardar bashi ba son wanda ya ci bashin yake yi ba.

Injiniya Barnawa: Malama kin iya zance. Amma masu tarawar ba don su kama ɓarawo suke tarawa ba, sha'awa ce kawai irin ta Turawa da muka ara.

Tsohon P&T: Sha'awa ce, ban musa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ta kama ni a 1959 ina aji uku. Shekarar da Jihar Arewa ta samu mulkin kai aka fitar da kan sarki biyu, na taro mai hoton Lugard Hall, na sule mai hoton masallacin Kano. Kawuna masinja ne, ya kawo mini na taron a cikin kwalin ashana. Na duba na ga ginin da muke wucewa ta gabansa a ƙafa, ga ƙubbarsa, a kan ƴar takardar da ba ta fi ɗan yatsa ba. Na kwana ina kallo da fitilar ƙwai. Ginin nan har gobe yana tsaye, ƴan majalisar jiha ke zama a ciki, ba wanda ya ce a rushe don sunan da yake ɗauke da shi.

Na shiga P&T a 1971, wato ma'aikatar gidan waya da tarho ta lokacin, ɗakin rarraba wasiƙu. Da aka raba ma'aikatar a 1985, masu tarho suka zama NITEL, mu muka zama NIPOST, a nan na ƙarasa shekara 35 ɗina. Abin da mutane ba su sani ba, hatimin nan da hannu ake sauya masa kwanan wata. Kowace safiya sai a kwance shi, a zare ƙananan ƙarafa masu lamba da ɗan hantsaki, a sa na ranar, a buga gwaji a littafi, shugaba ya duba ya sa hannu. Wata rana farkon Janairu na manta ban sauya shekara ba, sai da muka buga buhu guda kafin a farga. Na sha faɗa har na kasa cin abincin rana. Yau irin wannan kuskuren masu bincike ke bi da kuɗinsu. Da na sani da na ɓoye guda biyar.

Tun da na yi ritaya aikina ɗaya ne. Ina da littattafan rajista guda shida, kowane gari na tsohuwar Arewa da shafinsa. In na ga hatimi sai in rubuta kwanan wata mafi tsufa da na taɓa gani da kuma na ƙarshe. Ta haka ake gane lokacin da aka buɗe gidan waya da lokacin da ya mutu, musamman ƙananan nan na wakilai da ake ba mai kanti ko hedimasta ya riƙe a ƙauye. Sai in tafi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ko Arewa House, in gwada da abin da ke cikin tsofaffin fayil da gazet. Wani lokaci su dace, wani lokaci hatimi ya ƙaryata fayil. In sun saɓa, hatimi nake bi, don shi a ranar aka buga shi, fayil kuwa akawu ne ya rubuta daga baya.

Ɗan Reluwe: Allah ya ƙara girma Baba. Kun tuna mini mahaifina. A tashar Kaduna Junction ya yi aiki, yana ba mu labarin taragon wasiƙu, wai ma'aikata na ciki suna rarrabawa jirgi na tafiya. Mun ɗauka irin labarin tsofaffi ne.

Tsohon P&T: Gaskiya ya faɗa muku. Gidan waya ne sukutum a cikin tarago, da akwatunansa da hatiminsa na kansa. Kuma Kaduna Junction ɗin ma tana da nata hatimi dabam da na Kaduna North. Garin nan ai dogo ne ya haife shi, sai a 1917 aka kwaso hedikwata daga Zungeru aka dawo nan. Duk ambulan da ka gani da hatimin Kaduna na shekarun farkon nan, riƙe shi da hannu biyu.

Bakatsine: Baba an ce akwai kan sarki mai hoton Gobarau. Gaskiya ne ko cika bakin mutanenmu ne?

Tsohon P&T: Wannan karon ba cika baki ba ne. Jerin 1936 na Sarki George na biyar, na sisi hasumiyar ce a jiki, na sule kuma shanun Fulani. A shekarar ne ma jirgin sama ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki.

Bakatsine: Shi ke nan, yau ba mai kwana a gidan nan sai ya ji.

Maman Ilham: Ni tambayata dabam ce. Me ya sa ake ce masa kan sarki alhali wani kifi ne a jiki, wani saniya? Tun ina yarinya abin ke ba ni dariya. In Inna ta aike ni sai ta ce sayo kan sarki na kwabo goma, in dawo da damisa.

Malamar Tarihi: Sunan ya riga hotunan ne. Na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a 1840, kan Sarauniya Victoria ne kawai a jiki. Na Arewa na farko a 1900 ma ita ce, amma ba ta daɗe ba ta mutu a 1901. Daga nan sarakuna maza suka yi ta biyo baya, Edward, George, har zuwa 1952. Wato duk shekarun da Bahaushe ya saba da gidan waya, kan sarki yake gani, suna ya zauna. Ko da Elizabeth ta hau ba wanda ya ce kan sarauniya.

Injiniya Barnawa: To ina wanda ake cewa yana yin miliyoyin? Ko shi ma tatsuniya ce?

Tsohon P&T: Akwai shi. A 1904 an buga wa Arewa kan sarki na fam 25, mai kan Edward. Fam 25 a wancan zamani, ka auna da kanka, ba wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi, harkar haraji da lasisi ce. Kaɗan aka buga, kaɗan suka tsira, yau sai manyan gidajen gwanjo na Landan, dubban fam-famai. Shekara sittin da ɗoriya ina wannan harka, a hoto kawai na san shi. Duk wanda ya tare ka a Kasuwar Gwari ya ce ga shi a aljihunsa, riƙe naka aljihun.

Amma kar a ɗauka sai mai tsada ne abin nema. Daga 1900 zuwa ƙarshen 1913 kaɗai Arewa ta yi kan sarkinta da sunanta, a 1914 aka haɗe ta da Kudu aka fitar da mai sunan Najeriya. Kafin 1900 kuwa kamfanin Neja da kan sarkin Ingila yake aiki, sai dai ya buga nasa hatimi a Akassa ko Burutu ko Lakwaja. Ko ka dubi Mubi: kafin a haɗe yankin da Najeriya a 1961 ya zama lardin Sardauna, ƙasar amana ce a hannun Ingila, har an yi amfani da kan sarkin Najeriya da aka buga wa sunan Kamaru a kai. Ambulan ɗaya daga can a watannin nan ya fi mini buhun masu dawaki.

Maman Ilham: Baba ku gafarce ni, akwai abin da ke damuna a zancen nan. Wasiƙa fa sirri ce. Mahaifin Abban Khalifa bai ɗaure su da ƙyalle ya tura ƙarƙashin gado don wani baƙo ya zo ya baje a tebur ba. Wa ya san abin da ke ciki? Rikicin gado, neman aure da bai yiwu ba, bashi. Ni da na ga irin wannan a kayan Innarmu ƙonawa na yi, kuma ban yi nadama ba. Abin da na bari kawai katunan zaɓi sonka da ba ta kai ga aikawa gidan rediyo ba, don su dama an yi su ne duniya ta ji.

Tsohon P&T: Ƴata, maganarki dutse. Mu da muka yi aikin, rantsuwa muka yi ba za mu buɗe wasiƙar kowa ba, kuma har yau in aka kawo mini ambulan da takarda a ciki, zare ta nake yi in miƙa wa mai ita ban karanta ba. Bayan ambulan nake so, ba cikinsa ba.

Malamar Tarihi: A nan kam na rabu da ku duka biyu, Baba ku yi haƙuri. Ƙonawar nan ita ta sa tarihinmu na ƙarni na ashirin kusan duk daga bakin Razdan da Di'o muke jin sa. Su sun ajiye nasu har takardar sayen kananzir. Mu kuwa sojojinmu sun je Boma a yaƙin duniya na biyu, sun rubuto gida, wasu da ajami wasu da boko, ina wasiƙun? Ɗan kasuwar Fagge da ke rubuta wa abokin cinikinsa a Kumasi farashin goro, matar da ke aika wa ɗanta fasa oda yana makaranta a Zariya, alhajin da ya rubuto daga Makka yana ba da labarin hanya. Wannan ne rayuwar mutane. Ba na cewa a baje sirrin kowa. Iyali su zauna su tace, abin kunya a ware, sauran a adana. Amma ashana ba tacewa ba ce.

Maman Ilham: Malama, wa zai tace? Ɗan da ya karanta ai ya riga ya karanta. Akwai abin da in ka sani game da iyayenka ba ya goguwa.

Malamar Tarihi: Haka ne. Ban da amsar wannan.

Ɗan Kawo: Ku kuna ta rigima, mu namu mai ƙosai ta gama da su tun zamanin Shagari.

Tsohon P&T: Kana wasa, amma ambulan mafi daraja a littafina na Kafanchan a hannun mai tsire na tsince shi a Kakuri, har da maiƙo a gefe. Na sayi tsiren da ban yi niyya ba don ya bar mini takardar. Sai dai babban maƙiyi ba mai ƙosai ba ce, gara ce da laimar damina. Wata shekara na tafi Umara na bar kwali biyu a ƙasa jikin bango. Na dawo na ɗaga, sai ƙasa ta zubo. Aikin shekara tara, har da duk abin da na tara na lardin Kabba. Matata ta ce ko rasuwar yayana ban yi shiru haka ba.

Don haka Abban Khalifa, abin da ya rage ka ɗaga shi daga ƙasa. Kar ka sa a leda ka ƙulle, gumi zai yi ya yi tabo. Kar ka sa salatif ko gam, kar ka goge da guga. Kwali mai tsabta a saman kabad ya isa. Waɗanda kuka riga kuka yanke kuma kar a zubar, a ba Khalifa ya jera a littafi, da irinsu kowa ya fara.

Abban Khalifa: Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Jikina duk ya yi sanyi. Yanzu na kwance ƙulli ɗaya a hankali ina duba bayansu kamar yadda kuka ce. Akwai wanda adireshinsa da ajami aka rubuta, sai wani ya ƙara da boko da jan alƙalami a ƙasa. Kan sarkin na wani sarki ne mai gemu. Ina jin ba na Baba ba ne, na kakanmu ne, don sunansa ne a jiki. Hatimin ya ɗan dushe amma ina ganin Z da U da N.

Tsohon P&T: Jan alƙalamin nan na akawun gidan waya ne, haka ake yi in adireshi ya zo da ajami, don mai rarrabawa na gaba ya iya karantawa. Mai gemu kuma ko Edward ne ko George na biyar. Duba saman kan sarkin, Nigeria kawai aka rubuta ko Northern Nigeria?

Abban Khalifa: Kalma biyu ce Baba. Northern Nigeria.

Injiniya Barnawa: To fa. Yanzu kuma nawa ne wannan?

Maman Ilham: Injiniya kai da ka ce ɓata lokaci ne.

Injiniya Barnawa: Tambaya kawai na yi.

Tsohon P&T: Ba na sayarwa ba ne, Injiniya, na kakansa ne. Ɗana, kar ka ƙara taɓa shi da hannu mai gumi. Sa shi tsakanin farar takarda biyu, ka sa a cikin littafi mai kauri, kar ka naɗe. Jikata za ta turo maka kwatancen gida ta akwatin sirri. Ka zo Asabar bayan la'asar, lokacin hasken tsakar gidana ya fi kyau, shafin Zungeru na littafi na biyu yana jira. In da hali ka taho da sauran ƙulli ukun yadda suke, har ƙyallen.